Tela Julius da Eriyar 'Yarsa

A kasuwar Samaru, in ka bi layin teloli har ƙarshe, shagon da ke kallon masu sayar da masara shi ne na Julius Dogara. Haifaffen wani ƙauye ne a bayan Wusasa. Ya yi firamare a makarantar mishan, daga nan kawunsa ya kai shi Sabon Gari koyon ɗinki a hannun wani tsohon soja. Da aka yaye shi ya sayi keke ya koma Samaru, domin a lokacin jami'a tana ta bunƙasa, kuma inda ɗalibai suke ba a rasa wando mai neman faci. Daga baya sana'arsa ta tsaya a kan rigunan mawaƙan coci, da ankon zumuntar mata, da kayan 'yan makaranta. An san shi da abu biyu. Ba ya saɓa ranar da ya ɗibar wa mutum, kuma ba ya yanke saurar yadi a ƙafar wando ko bakin riga. Kalmashe shi yake yi a ciki, ya bi da guga. Iyaye suna son hakan, domin in yaro ya ƙara tsawo sai a warware kalmasar kawai.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi da matarsa Rhoda, ita ma sai da suka fara fid da rai. Suka sa mata Ƙauna. A ƙarƙashin teburin yanka ta yi rarrafe, da maɓallai ta koyi ƙirga. Julius ba mai yawan magana ba ne, amma in zance ya faɗo kan 'yarsa, sai ka nemi wurin zama.

Tana aji uku na sakandare rediyon shagon ya mutu. Bikin godiyar girbi ya matso, ɗinki ya yi masa yawa, sai ya ba ta ya ce ta kai Sabon Gari wurin wani Bayarabe da aka ce ya iya gyara. Da hantsi ta tafi, ba ta dawo ba sai da rana ta yi sanyi, rediyon a hammata, bakinta cike da labari.

"Baba, ka san a bayan shagonsa akwai rediyon da ake magana da shi? Ba ji kawai ba fa. A gabana ya kira wani mutum a Ghana, mutumin ya amsa!"

"To, namu fa? Ya gyaru?"

"Ya gyaru. Ni ma na riƙe masa waya."

Sunan mutumin Akinola. A Sabon Gari aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ta kowane Bazazzagi. Ya yi aikin wayar tarho na gwamnati har ya yi ritaya, ya buɗe shagon kayan lantarki. Yana cikin 'yan tsirarun mutanen nan da ke ajiye na'urar magana a gida don sha'awa kawai, da lasisin hukuma, kowa da lambar kiransa, su yi ta hira da junansu daga gari zuwa gari har ƙasashen waje. 'Ya'yansa sun watse Legas da Turai, babu wanda ya taɓa kallon na'urar sau biyu. Sai ga 'yar tela daga Samaru.

Daga ranar nan Asabar ta zama ta Sabon Gari. Julius bai hana ba, domin babu abin hanawa. Akinola mutumin kirki ne, matarsa tana gida, yarinya kuma ilimi take ƙaruwa da shi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda sunan ya shigo gidansa ya zauna. Baba Akinola ya ce kaza. Baba Akinola ba haka yake riƙe sukuddireba ba. Ana cin tuwo ma yana nan. Shi Julius bai taɓa kiransa Baba ba, ko da yake tsohon ya girme shi nesa. Injiniya yake ce masa, da irin ladabin da ake yi wa baƙon da ba a so ya daɗe.

"Baban Ƙauna," Rhoda ta ce masa wata rana tana tsince shinkafa, "kishi kake yi da tsoho mai ciwon gwiwa?"

"Ni? Da wa?"

"To me ya sa in an ambace shi sai kekenka ya ƙara gudu?"

Keken ya ƙara gudu.

Ƙauna ta shiga jami'a ta karanci injiniyan lantarki. A shekarar 2003 ta ci jarrabawar lasisin rediyo, Akinola ya ba ta tsohuwar na'urarsa kyauta, aka sa ranar kafa eriya a gidan Julius. Bututun ruwa ne aka jona har ya wuce mangwaron tsakar gida, da wayoyi biyu da suka miƙa gabas da yamma. Maza daga maƙwabta suka taru. Akinola ya tsaya a tsakiyar gidan da sandarsa yana ba da umarni, Ƙauna tana maimaitawa da ƙarfi. Shi mai gidan aka ba shi igiya ɗaya aka ce ya riƙe, kada ya saki sai an ce. Ya riƙe. Daga inda yake tsaye ya ga sun haƙa rami a gindin bututun, sun kafa sandar jan ƙarfe a ciki, sun zuba gawayi da gishiri, sun ɗaura wata waya mai kauri daga bututun zuwa sandar. Ƙauna ta ce masa wannan ita ce wayar ƙasa, hanyar da aka yi wa aradu ke nan, in ta sauka ta bi ta shige ƙasa maimakon ta shiga ɗaki. Ta kuma koya wa uwarta cewa da zarar hadari ya haɗo, ko tana nan ko ba ta nan, a kwance wayar da ta shigo ta taga daga bayan na'urar, a jefa ta waje nesa da bango. Rhoda ta riƙe wannan kamar kwashe shanya. Julius kuwa abin da ya iya yi shi ne ya ɗinka wa na'urar riga da ragowar yadin mawaƙa. Ƙauna ta yi ta dariya, ta ce duk Afirka babu rediyo mai rigar coci sai nata.

Sanƙarau ne ya ɗauke ta, a zafin watan Maris na 2006, tana jiran takardar bautar ƙasa. Ciwon bai daɗe ba. A asibiti a Shika, ranar da zazzaɓin ya fi tsanani, ta buɗe ido ta ce, "Baba." Julius yana gefen gado, Akinola yana bakin ƙofa da kwandon abinci da matarsa ta aiko. Su biyun suka zabura tare. Ba ta ƙara cewa komai ba. Julius bai taɓa yi wa kowa zancen nan ba sai bayan shekaru, kuma ko a lokacin bai ce komai a kai ba illa: "Tare muka tashi."

An yi zaman makoki, an watse. Ranar Asabar ta farko da gidan ya koma na mutum biyu, da la'asar, Julius ya shiga ɗakinta. Ya san a wannan lokacin ne masu rediyon suke haɗuwa. Rhoda ta nuna masa makunnin. Bai taɓa komai ba bayan shi, allurar neman tasha tana inda Ƙauna ta bar ta. Muryoyi suka cika ɗakin, da Turanci, suna zuwa suna komawa kamar daga cikin rijiya. Turancinsa na firamare da na coci ya ishe shi ya gane.

Ashe suna da wata al'ada in ɗayansu ya mutu. Sai ya ji muryar Akinola ta kira lambar Ƙauna. Aka yi shiru. Ya sake kira, aka sake yin shiru. A na ukun muryar tsohon ta karye. Ya ce 'yarsa ba za ta ƙara amsawa ba. Daga nan mutane suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, daga Jos, daga Ibadan, daga Akara ta Ghana, wani daga Duwala ta Kamaru da Turancinsa mai nauyi. Kowa ya faɗi abin da ya sani game da ita. Ashe tana da barkwanci. Ashe ta taɓa kwana biyu tana taimaka wa wani likitan mishan a Kamaru ya nemo magani ta rediyo. Kowa kuma in ya gama sai ya ce, Allah ya ba ka haƙuri, Baba Akinola.

Julius ya zauna a kujerar 'yarsa hannuwansa a kan gwiwa. Abin magana yana gabansa a kan tebur. Ba shi da lasisi, bai san inda ake dannawa ba, kuma ko ya sani, me zai ce? Ni ne ubanta? Wanda ya taɓa binne ɗa ya san gaisuwar mutane ba ta rage komai, amma taka ce, kuma a ƙofarka ake kawo ta. Tasa ga ta nan ana ta saukewa a Sabon Gari.

Duk da haka bai fasa kunnawa ba. Kowace Asabar yakan rufe shago da wuri. Domin ba kowa ne ya ji labarin ba, jifa-jifa sai wani daga nesa ya shigo yana kiran lambarta, da murya sake, kamar mai sallama a ƙofar gidan da ya saba. Wannan ɗan lokacin, kafin kowa ya amsa, shi Julius yake jira duk mako. Sai Akinola ya shigo ya yi bayani, a yi masa ta'aziyya, ya karɓa.

Wajen ƙarshen Afrilu, da gajimare ya fara taruwa a gabas da yamma yana watsewa, Akinola ya zo gidan a kan tsohon babur ɗinsa. Bayan gaisuwa ya nemi izinin zagayawa gindin eriyar. Ya dawo fuskarsa a ɗaure.

"Malam Julius, an sace wayar ƙasa. Har sandar sun tone. Ina jin a hayaniyar makoki ne ɓarayin jan ƙarfe suka shigo ta baya."

"Na gani," in ji Julius. Bai gani ba.

"Yanzu bututun nan ya fi komai tsawo a layin nan, kuma ba shi da hanyar ƙasa sai ta ɗakin yarinyar. Ko dai mu sauke shi, ko in zo jibi in mayar da wayar. Ina da sanda mai kyau a shago."

"Ba sai ka wahala ba, Injiniya."

"Wace wahala? Aikin 'yata ne."

Rhoda, da ke zuba masa kunun zaƙi, ta ɗago ta dubi mijinta. Julius ya gyara zaman hularsa.

"Gidana ne. Zan yi."

Tsohon ya ɗauki kofinsa. Ya shanye kununsa, ya yi godiya. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "To ko ma wa ya yi, in hadari ya taso a kwance wayar taga. Maman Ƙauna ta sani."

Washegari Julius ya auna da tef ɗinsa. Ya lura cewa gindin bututun busasshe ne, tsakuwa ce zalla, amma bayan makewayi, inda ruwan wanka ke kwarara, ƙasar ba ta bushewa ko da rani. Ya tuna Ƙauna ta taɓa cewa danshi ake nema. Can ya yanke shawarar haƙa ramin. Ya auna daga bututun, ya bi jikin bango, ya karya kwana a ƙarƙashin tagar ɗakinta, ya sake karyawa zuwa bayan makewayi. Sannan ya ƙara saura a kan awon, yadda ya saba.

A kasuwar Sabon Gari ya bi ta bayan layi don kada ya wuce ta gaban shagon Akinola. Ya tsaya wurin wani Amaechi mai kayan waya.

"A'a, oga tela! Yau ɗinkin waya za a yi?" in ji Amaechi. Da ya ji abin da ake nema sai ya ce, "Ina da sanda kala biyu. Akwai ta gaske, akwai wadda aka shafa wa jan fenti don masu son araha. Amma tsaya, ba kai ne baban yarinyar Baba Akinola ba? Ga shagonsa can, ai kyauta ma zai ba ka."

"Kai ba ka sayarwa ne?"

"Ina sayarwa mana."

"To ba ni ta gasken."

Ya ɗaura sandar a babur ɗin haya ya dawo Samaru yana ta juya maganar a ransa. Baban yarinyar Baba Akinola.

Shi kaɗai ya yi aikin, da sassafe kafin ya buɗe shago, har tafin hannunsa ya yi kanta. Ramin ya kai masa ƙirji. Ya kafa sandar, ya jera gawayi da gishiri hawa-hawa, ya mayar da ƙasa ya daddanne. Wayar ya bi da ita jikin bango da ƙananan ƙusoshi, a miƙe kamar ɗinkin keke, kowace kwana a karye tsaf. Saurar da ta rage, mai yawa ce, bai yanke ba. Ya naɗe ta zagaye-zagaye ya rataye a ƙusa a ƙarƙashin tagar, dab da ƙarafan tagar, ko wata rana za a so a matsar da ramin. Da ya ja baya ya duba, aikin ya yi masa kyau. Tun rasuwar bai ji abin da ya ji a safiyar nan ba.

Wayar taga kuwa ya hana a taɓa. Ruwan farko da na biyu sun zo da iska kawai, ba tsawa sosai. Duk lokacin da Rhoda ta nufi ɗakin sai ya ce ai ya yi wayar ƙasa, ta wadatar. Gaskiyar ita ce hannun Ƙauna ne ya ɗaure wayar nan a bayan na'urar na ƙarshe, kuma yana tsoron in aka kwance ba za ta koma yadda take ba. Ga shi kuma Akinola ne ya ce a kwance ɗin.

Wata Asabar a watan Yuni, da la'asar, gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta fara kaɗa ƙyauren makewayi. Julius yana ɗakin, na'urar a kunne, tana ta ƙara kamar ana soya gyaɗa duk lokacin da aka yi walƙiya. Rhoda ta leƙo.

"Baban Ƙauna, wannan hadarin ba na wasa ba ne. Bari in cire."

"Bari tukuna."

"Tukuna har yaushe?"

"Wani ya fara kira ɗazu, bai gama ba."

Ta yi tsaki a hankali ta koma kicin. Shi ma ya san hadarin ya wuce misali. Ya miƙa hannu bayan na'urar, yatsunsa suka taɓa wayar. A daidai nan muryar Akinola ta fito, yana gaya wa sauran cewa zai rufe saboda hadari a Zariya. Sai ya saki Turancin, ya ce da Hausa, a fili, duk duniya tana ji:

"Malam Julius, in kana ji na, don Allah ka cire wayar nan yanzu."

Julius ya janye hannunsa kamar ya taɓa dutsen guga. Bai taɓa gaya wa kowa yana sauraro ba. Ya tashi ya fita, ya tsallaka tsakar gida cikin yayyafin farko, ya tsaya a ƙofar kicin.

"Ke kika gaya masa?"

"Na gaya masa. Da wa zan gaya wa? Kai kana ji ne?"

"Wato ni da ke da ɗakin 'yata, sai an kai Sabon Gari an..."

Bai ƙarasa ba. Gidan duka ya yi fari, har ya ga kowace tsaga a bangon kicin. Ƙarar ba ta yi kama da tsawa ba, ta fi kama da an fasa babban faranti a cikin kansa. Rhoda ta faɗo daga kujerarta, tukunya ta kife. Da ya dawo hayyacinsa yana durƙushe yana riƙe da kafaɗunta, tana kallon bakinsa tana cewa ba ta jin me yake faɗa.

Ɗakin Ƙauna ya cika da hayaƙi mai warin ƙonannen roba. Siminti ya ɓarke a ƙarƙashin tagar, ƙarafan sun yi baƙi, gutsattsarin bulo sun watsu har kan gado. Kujerar da ya tashi daga kai tana kwance a gefe. Naɗin wayar nan da ya rataye ya tarwatse, wani wajen ya narke. Na'urar tana nan a kan tebur, ba ta ko motsa ba, amma da ya danna makunnin babu abin da ya faru.

Ruwa bai gama tsayawa ba maƙwabta suka cika gidan. Bibiana ta gidan baya ta shigo da ƙwaryar nono, ta nufi gindin bututun.

"Bibiana, mu fa masu bi ne," in ji Rhoda da ƙarfi, don har lokacin kunnenta ɗaya a toshe yake.

"Ni ma gobe ina coci, Mama. Amma inda aradu ta sauka sai an zuba nono. Ba ni na fara ba."

Ta zuba abinta. Babu wanda ya hana ta.

Da aka watse, Rhoda ta zauna a bakin gadonsu ta yi magana ba tare da ta dube shi ba.

"Na binne 'ya a bana. Ba zan binne miji ba saboda taurin kai. Ko a sauke ƙarfen nan, ko Baba Akinola ya zo ya yi aikin da hannunsa. In ba haka ba ni Wusasa zan koma har damina ta wuce."

Bai taɓa jin ta ambaci komawa gida ba tun aurensu.

Akinola ya zo ranar Lahadi bayan an taso coci, ba a ma aika masa ba. Ya duba kunnen Rhoda tukuna, ya ce lallai a je asibiti gobe. Sannan ya bi wayar da sandarsa tun daga bututun har bayan makewayi, Julius yana biye da shi, hannuwa a baya. A bakin ramin ya tsaya ya caka ƙasar.

"Wa ya ce ka haƙa a nan?"

"Ba kowa."

"Ya fi inda muka haƙa da. Rabin abin nan ta nan ya shige, shi ya sa rufin bai kama ba." Ya koma ƙarƙashin tagar, ya ɗaga ragowar naɗin da bakin sanda. "Wannan fa?"

"Saura ce na bari."

Tsohon ya dubi naɗin, ya dubi ƙusoshin da aka jera a layi, ya gyaɗa kai a hankali. "Aradu ba ta son kwana, Malam Julius. Gajeriyar hanya take so, miƙaƙƙiya. Da ta iso nan ta tarar da zagaye, sai ta yi tsalle ta kama ƙarfen taga. Sauran kuma ya bi wayar ɗaki. Ita wannan, ko ni na yi aikin, in ba a kwance ta ba sai ta bi."

Julius ya jira ya ji an ce, ai na gaya maka. Ya ma shirya amsa. Ba a ce ba, kuma rashin faɗar ya fi yi masa ciwo.

A ɗakin, Akinola ya kwance murfin na'urar ya sunkuya ya shinshina. Ya ce wasu abubuwan sun ƙone, amma yana jin zuciyar tana nan. Ya ce zai ɗaura ta a babur ya kai shago, can yake da kayan aiki da haske.

"Ba za ta fita daga ɗakin nan ba," in ji Julius.

"To ai gyaran ba na yini ɗaya ba ne."

"Ko na shekara ne. In za ka gyara, Injiniya, a nan za ka gyara. Ina zaune."

Rhoda ta buɗe baki daga ƙofa, tsohon ya ɗaga mata hannu. Ya daɗe yana kallon Julius. Daga Sabon Gari zuwa Samaru a kan babur, da wannan gwiwar, cikin damina, ba ƙaramin abu ba ne, kuma su biyun sun sani.

"Talata zan fara," ya ce.

Wayar ƙasa suka fara yi. Aka haƙa sabon rami kusa da bututun, aka jawo masa ruwan wanka ta 'yar kwata don ya riƙa samun danshi, aka ɗaura waya gajeriya wadda ba ta kai tsawon mutum ba. Julius ne ya yanke saurar da kansa, da almakashin gwangwani. Rhoda ta fasa zancen Wusasa. Kunnenta ya buɗe daga baya, ko da yake har yau in ana magana takan juyo da na dama.

Gyaran na'urar ya ci sauran daminar. Julius yakan bar shago da azahar ya zo ya zauna a bakin gadon, yana kallon kowane abu da tsohon ya cire da inda ya ajiye shi. Ba sa hira. Akinola kuwa mutum ne mai magana da aikinsa, kuma a cikin maganar Ƙauna takan faɗo. Nan ita ta canza da hannunta, ka ga dalmar ta fi tawa tsabta. Wannan mun yi musu a kai har ta yi fushi ta ƙi cin abincin mamanta. Mamanta, wato matar Akinola. Kowace irin wannan magana Julius yakan ji ta kamar allura, kuma yakan kasa kunne ya jira ta gaba.

Wata rana a watan Agusta, ana yayyafi, wayar taga tana waje a kan ciyawa, Akinola yana narka dalma ya ce, "Da ta je Fatakwal ma, da wannan na'urar ta zama 'yar wasa a wurinta."

"Wace Fatakwal?"

Tsohon ya ɗago. Ya ajiye ƙarfen narka dalmar a hankali.

"Ba ta gaya maka ba."

"Wace Fatakwal, Injiniya?"

"Wani kamfanin rediyon jiragen ruwa ne ya ce ta zo bayan bautar ƙasa. Tun Kirsimeti. Ta amsa musu. Ta yi ta tambayata yadda za ta gaya maka, don ta ce ba za ka so ta yi nisa ba. Na ce ta bari a gama Ista." Ya cire tabarau ya goge. "Na ɗauka ta samu ta faɗa."

Julius ya tashi ya fita. Ya tsaya a tsakar gida cikin yayyafin. Tun Kirsimeti. A Kirsimetin nan shi ya ɗinka mata riga, ta tsaya a gabansa yana awo tana ba shi dariya, da wannan maganar a cikinta, kuma ta riga ta kai ta wani gida. Rhoda ta leƙo daga kicin ta gan shi, ta koma ciki. Ya ji yana so ya shiga ya ce wa tsohon ya tattara kayansa. Ya san in ya faɗa zai tafi, kuma ba zai dawo ba, kuma duk abin da ya rage a bakinsa zai tafi da shi Sabon Gari.

Ya daɗe a wajen har rigarsa ta jiƙe. Da ya koma, Akinola ya riga ya fara mayar da kayan aikinsa cikin jaka.

Julius ya zauna a bakin gadon, ya share ruwan fuskarsa da tafin hannu.

"Ajiye jakar," ya ce. "Me kuma ta gaya maka?"